Teburin da ke kusa da ƙofar kicin

'Ya'yana sun gaji da tsokanata. Wai Baba, ka shekara talatin kana ɗaukar faranti a gidajen abinci na Manhattan, yanzu da ka huta kuma duk ranar Laraba sai ka hau bas Bx12 ka sauka a Fordham Road, ka gangara da ƙafa zuwa Arthur Avenue, don kawai ka ci taliya? Taliyar da Mama za ta dafa maka cikin minti goma?

To, bari in ba su amsa a nan kowa ya gani.

Gidan abincin ƙarami ne, a wani lungu kusa da titi na 187 a unguwar Belmont ta Bronx, a birnin New York. Ba zan faɗi sunansa ba, kada masu ɗaukar hoton abinci su cika mana wuri. Unguwar ta Italiyawa ce tun farkon ƙarnin da ya wuce, lokacin da talakawan kudancin Italiya, 'yan Napoli da Sisili da Kalabiriya, suka yi ta kwararowa Amurka gudun fatara. Kasuwar rufin da ke kan Arthur Avenue ma tun 1940 aka buɗe ta, zamanin magajin gari La Guardia, don a kwashe masu tura baro daga bakin hanya. Yau in ka leƙa kicin-kicin ɗin unguwar, 'yan Meziko za ka fi gani, a wurin karɓar baƙi kuma 'yan Albaniya. Amma girkin yana nan yadda kakanni suka bar shi.

Girkin talaka ne, shi ya sa ya shiga raina. Akwai wanda suke kira pasta e fagioli, wato taliya da wake, ba ƙari ba ragi. Akwai wadda ake yi da tafarnuwa da man zaitun da barkono kawai, ƙanwar taliya da mai da yaji ce uwa ɗaya uba ɗaya. Kai, ko sunan ma, taliya da Italiya, kunne ya san 'yan gida ɗaya ne.

Amma gaskiya ba abincin ne yake kai ni ba. Sabis ɗin ne.

Wanda bai yi aikin nan ba ba zai gane abin da idona yake gani ba. Ni in na shiga gidan abinci, ba na duba fitilu ko labule. Ina duba yadda sabis, wato mai kai abinci tebur, yake tafiya: ko yana komawa kicin hannu rabbana, ko yana kwasar wani abu a hanya. Ina duba ko yana ɗauke farantin mutum alhali abokin cinsa bai gama ba, wanda a wurinmu rashin tarbiyya ne. Sama da komai, ina duba yadda ake karɓar tsoho shi kaɗai da zai sayi abu mafi arha. A Amurka sabis da tukwici yake rayuwa. Dokar tarayya ta tsayar da mafi ƙarancin albashinsa a dala 2.13 a awa tun 1991, ko da yake New York ta fi haka sosai. Saboda haka mutum ɗaya a tebur asara ce, kuma na san wuraren da ake kawo masa takardar kuɗi tun cokali yana bakinsa. Ni ma na yi, Allah Ya yafe mini, manaja yana tsaye a kaina yana kallon agogo.

A nan ba a taɓa yi mini haka ba. Dattijon da ke kula da teburina ya fi shekara ashirin a gidan. Ranar farko na ce masa ba na cin alade, ba na son abin da aka zuba wa giya. Sau ɗaya na faɗa. Shi ne ya gaya mini cewa miyar waken ranar da ƙashin alade aka tafasa ta, in bari sai ya sa an yi mini tawa daban. Mutumin da zai hana kansa ciniki don ya kare maka addininka, alhali ba addininsa ba ne, ai ka ga ɗan halak. Maganar kwalaben giya da ni kaina na ɗauka a shekarun aikina kuwa, wannan tsakanina da Ubangijina ne, kada wani ya zo mini da fatawa.

Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda ake auna wuri yanzu da taurarin Google. Yaro ya je sau ɗaya, an yi jinkirin minti biyar, ya zauna ya zabga tauraro ɗaya. Ina ruwan tauraro da sanin cewa gwiwata tana ciwo, har a riƙa ajiye mini kujera mai hannu? Tun da korona ta rufe gidajen abinci a Maris na 2020, wurare da yawa sun koma ka ɗora waya kan wani zane ka zaɓi abinci da kanka. Sauƙi ne, ban musa ba. Sai dai waya ba ta cewa yau kifin bai yi kyau ba, ka bar shi.

Teburin da nake zama shi ne na kusa da ƙofar kicin, wanda kowa yake ƙi saboda hayaniya. Ni kuwa can nake jin ƙarar tukwane da ihun mai dafuwa, sai in ji kamar ina ɗan shekara talatin. Larabar da ta wuce wani sabon yaro ya fito da faranti huɗu yana rawar hannu. Ban san lokacin da na miƙe na gyara masa na ukun a kan tsintsiyar hannunsa ba. Dattijon nan ya hango ni daga nesa, ya ɗaga murya ya ce in zauna, ni baƙo ne. Na zauna. Amma har na gama cin taliyata idona yana kan yaron.