Alamar ƙarshen zamani da muke tsallakewa

'Yan'uwana matasa, salama a gare ku.

Babu zancen da yake kore mana gyangyaɗi a taron zumunta kamar zancen ƙarshen zamani. Da an ambaci 666, ko magabcin Almasihu, ko fyaucewa, sai ka ga har wanda ya lafe a bencin baya yana latsa waya ya ɗago kai. Yaƙi ya ɓarke a Gabas ta Tsakiya, kafin gari ya waye mun cika WhatsApp da Matiyu sura 24, inda Yesu ya faɗi alamun ƙarshen zamani. Ban ce laifi ba ne. Amma akwai wata alama ta kwanakin ƙarshe da take rubuce ɓaro-ɓaro, ita kuwa ban taɓa ganin wani ɗan'uwa ya tura ta ba.

Ranar Fentikos, ranar da Ruhu Mai Tsarki ya sauko, da mutane suka ce almajirai sun bugu ne, Bitrus ya miƙe ya ce yanzu fa ƙarfe tara ne na safe, wannan cikar annabcin Yowel ne. Ku buɗe Ayyukan Manzanni 2:17-18. A kwanaki na ƙarshe Allah zai zubo Ruhunsa, 'ya'ya maza da 'ya'ya mata su yi annabci, har bayi maza da bayi mata. Sau biyu aka ambaci mata a ayoyi biyu. Cikin mutum wajen 120 da suke jira a Urushalima ma akwai mata, har da Maryamu uwar Yesu. Ashe a bakin Bitrus, mace ta buɗe baki ta faɗi maganar Allah shaida ce cewa kwanakin ƙarshe sun kama. Mu da muke ƙirga girgizar ƙasa da annoba, yaya aka yi wannan ta wuce mu?

Ku dubi majami'arku ranar Lahadi. Su wa suka cika benci? Idan an yi rasuwa, su wa suke kwana a gidan makoki? Zumuntar Mata ce take zuwa asibiti, take tara kuɗin kwanon rufi, take fita bishara ƙauye da anko da waƙa. Amma ranar da za a zauna a yanke yadda za a kashe kuɗin nan, sai a ce iyayenmu mata su taimaka da abinci. Na taɓa zama a wani taron matasa inda wata 'yar'uwa, malamar lissafi, ta nuna cewa rahoton kuɗi bai daidaita ba. Wani ya ce mata, "Ke mace ce, ki zauna." Aka yi dariya, ni ma na yi, ina jin kunyar hakan har yau. Ita ce take da gaskiya.

Na san abin da wasunku za su jawo: 1 Timoti 2:12 da 1 Korintiyawa 14:34, inda manzo Bulus ya ce bai yarda mace ta koyar ko ta yi iko da namiji ba, mata kuma su yi shiru a ikkilisiya. Suna nan, ban goge su ba. Sai dai Bulus ɗin nan, a sura 11 ta wannan wasiƙa ta Korintiyawa, yana bayanin yadda mace za ta yi addu'a da annabci. Shi ne ya yaba wa Fibi, mai hidimar ikkilisiyar Kankiriya. Bilkisu da mijinta Akila ne suka ƙara wa Afolos fahimta, shi da yake gwanin wa'azi. Filibus mai bishara yana da 'ya'ya mata huɗu masu annabci. Batun naɗa mace fasto, ikkilisiyoyi sun rabu a kai, wasu sun naɗa, wasu ba su naɗa ba, na bar wa dattawa da malaman tauhidi. Damuwata ita ce saurayin da bai haddace komai daga Bulus ba sai ayoyin nan biyu, yana yawo da su kamar dorina.

Akwai labarin da nake so ku sake karantawa a natse, Matiyu 22. Sadukiyawa, masu cewa babu tashin matattu, suka kawo wa Yesu zancen matar da 'yan'uwa bakwai suka aura ɗaya bayan ɗaya, suka ce a ranar tashin matattu matar wa za ta zama? Ku lura da tambayar. Ba su damu da hawayen mace da ta binne maza bakwai ba. Gardamarsu ta mallaka ce, kamar ana rabon gona. Yesu ya ce sun ɓata, don a tashin matattu ba a aure, ba a aurarwa. Matar nan za ta tsaya gaban Allah da sunanta, ba da sunan wani miji ba. To, har yau akwai gidajen masu bi inda miji yana rasuwa dangi za su kwashe takardun fili da makullin ɗaki, su bar gwauruwa da yara da tabarma. Wasu daga cikin masu kwasar su ne masu rera waƙar dawowar Ubangiji da babbar murya. Bitrus ya kira mata abokan gādon alherin rai, ya kuma gargaɗi maza cewa rashin girmama su yana hana addu'a. Addu'a fa, ba ƙaramin abu ba.

Ko a tarihinmu, Johanna Veenstra, wata 'yar mishan daga Amurka, ta zo Nijeriya a 1920, ta yi aikin bishara a Lupwe kusa da Takum har rasuwarta a 1933. Ikkilisiyoyin yankin ba su manta da ita ba.

Ku kuma 'yan'uwa mata, kada ku fake da "ni mace ce". A misalin talanti na Matiyu 25, maigida da ya dawo bai karɓi uzurin tsoro ba daga bawan da ya tona rami ya binne kuɗin da aka ba shi. Wadda aka ba baiwar koyarwa, ko lissafi, ko shugabanci, za a tambaye ta. Ɗan'uwan da ya miƙa mata fartanyar binnewa kuma, ban san me zai ce ba.

Zaɓen shugabannin zumunta yana tafe a ikkilisiyoyi da yawa. Kafin ku sake rubuta sunan 'yar'uwa a kwamitin girki tun ba a tambaye ta ba, ku tambaye ta ko za ta bi da nazarin Littafi Mai Tsarki na mako mai zuwa.