Tutar Rasha a Kano, tsoron Rasha a Warso

A watan Agustan 2024, lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa, jami'an tsaro sun kama 'yan ƙasar Folan su bakwai a Kano bisa zargin suna da hannu a ɗaga tutar Rasha. Ɗalibai shida ne da mai koyar da su, daga Jami'ar Warso, babban birnin Folan, inda ake karantar da Hausa, kuma kafin watan ya ƙare aka sake su. A nan Folan da nake zaune, duk wanda na yi zancen da shi sai ya fara riƙe baki. Mutumin Folan ya ɗaga tutar Rasha? Ai ko cewa aka yi ya ƙona ta, an fi kusa da gaskiya.

Ƙiyayyar tasu tana da tushe. Rasha da Furushiya da Ostiriya ne suka yayyaga ƙasar suka raba, har ta ɓace daga taswira a 1795, ba ta dawo ba sai 1918. A Satumbar 1939 Jamus ta shigo ta yamma, Tarayyar Sobiyet ta biyo ta gabas. A 1940 'yan sandan sirrin Sobiyet suka kashe hafsoshi da masu ilimin ƙasar kusan 22,000, abin da ake kira kisan Katin. Sojan Rasha na ƙarshe bai fita ba sai 1993. Shi ya sa 'yan Folan suka shiga NATO, ƙawancen tsaro na ƙasashen Yamma, a 1999, kuma yau suna kashe sama da kashi 4 cikin 100 na arzikin ƙasa a kan tsaro.

Abin da Bafolanshe yake ji game da Rasha, shi Badamagare yake ji game da Faransa, kuma ban ga laifin ko ɗayansu ba. Shekara da shekaru ana haƙar yuraniyom a Arlit ana kunna fitilun Faransa, ƙauyukan Nijar suna kwana a duhu. Mu ma da ke tsakanin Gumel da Maigatari, Ingila da Faransa ne suka ja layi a farkon ƙarnin da ya wuce, suka bar wa a Najeriya, ƙani a Nijar. Ga kuma yaƙin da NATO ta kai Libiya a 2011, wanda makamansa suka watsu a Sahel. Don haka da sojojin Faransa suka tattara daga Nijar a Disambar 2023, na Amurka suka bar sansanin Agadas a 2024, murnar mutanenmu ba ta ba ni mamaki ba.

Inda na rabu da su shi ne tsallen da aka yi daga "Faransa ta cuce mu" zuwa "Rasha ce mai cetonmu". A zauren WhatsApp na garinmu yanzu ba a tambayar mutum hujja. Ka ce uffan a kan sojojin Yamai, a ce kai karen farautar Turawa ne. Ka yabe su, wani ya ce an saye ka. Yaran da ba su taɓa wuce Dutse ba sun sa hoton Putin a wayarsu, kamar yadda yayyensu suka manna na Gaddafi a bayan babur. To me aka gani a ƙasa? A Mali, inda sojojin hayar Rasha na Wagner suka yi aiki, binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce an kashe aƙalla mutum 500 a garin Mura a Maris ɗin 2022, a farmakin sojan ƙasar da baƙin mayaƙa. Masu horar da soja daga Rasha sun sauka Yamai a Afrilun 2024, amma har yau jini bai daina zuba a Tillaberi ba. Ba a rabu da Bukar ba, an haifi Habu.

Kada a ɗauka ina cewa mu rungumi Amurka yadda Folan ta yi. Su ma ba kyauta ake tsare su ba, tankokin da jiragen da kuɗi suke saya. Bambancin shi ne sun zauna sun yi lissafi: ga abin da muke tsoro, ga wanda zai tare mana, ga farashi. Majalisa ta yi muhawara, jarida ta bi diddigin kwangila, wanda bai gamsu ba ya jira ranar zaɓe. Mu kuwa mun zaɓi ɓangare kafin mu tambayi abin da za mu samu.

Abin da muka samu kuwa mun gan shi. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, Najeriya ta yanke wa Nijar wuta, aka garƙame iyaka har Maris ɗin 2024. Kasuwar Maigatari da ke cika ranar Alhamis da shanu da raƙuma daga Nijar ta yi laushi. Kawuna dillalin tumaki ne a can. Da na kira na ce, "Kawu, ya kasuwa?" sai ya ce, "Ɗan nan, turke ne kawai muke gadi." Mai son kai gaisuwar mutuwa Magariya sai ya hau babur ya bi ta daji, yana biya a kowane shinge. Babu wanda ya ji a jikinsa a Faris ko Mosko, kuma ba na jin na Abuja sun rage cin nama.

Na tsaro ya fi wannan ban tsoro. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025, sannan a Maris Nijar ta janye daga rundunar haɗin gwiwa da ke yaƙar Boko Haram a Tafkin Chadi. Janar Tiani, shugaban mulkin sojan Nijar, ya zargi Abuja da haɗa baki da Faransa, Abuja ta musanta. Su kuwa Lakurawa da ke addabar Sakkwato da Kebbi ba ruwansu da fasfo. Jigawa tana cikin jihohin Arewa da suka fi zaman lafiya, amma doguwar iyakarmu fili ce fetal, kuma tsaronta ya dogara ne a kan soja na wannan gefen ya ɗaga waya na wancan gefen ya amsa. Wannan nake so a tambayi duk ɗan takarar da ya shigo Gumel neman ƙuri'a: me ya tanada don wayar nan ta ci gaba da shiga, kuma iyakar Maigatari ta zauna a buɗe ko da Abuja da Yamai sun sake saɓawa?