Ba a furta -ent a ƙarshen aikatau na jam'i a Faransanci

Ɗalibai da yawa a makarantun Nijar da Kamaru suna karanta "ils parlent" (wato "suna magana") kamar "il parlan". Kuskure ne, kuma rubutu ne ke jawo shi. A rubuce ana raba kalmar gaɓa biyu, par-lent, amma a baki gaɓa ɗaya ce tak: "parl". "Il parle" da "ils parlent" furucinsu ɗaya. Haka "ils parlaient" gaɓa biyu ce, par-lè, ba uku ba.

Sai dai wannan -ent tana da aiki: ita ke fito da baƙin da ya zo kafin ta. A "il part" ba a jin t, sai a ce "par". A "ils partent" kuwa t ta fito sarai, "part". Nan harshen Bahaushe kan so ya ƙara wasali ya ce "parti", tunda Hausa ba ta rufe kalma da baƙi biyu. A kiyaye, domin "parti" wata siga ce dabam.

Idan aikatau ya fara da wasali, s ta "ils" kan koma z ta manne masa: "ils aiment" ya zama il-zèm, tilonsa "il aime" kuma i-lèm. A tambaya, t ta ƙarshe tana farfaɗowa: "parlent-ils" ana jin "til" a ƙarshe.

Ana furta -ent ta hanci a "souvent" da "moment", haka ma a "il ment" da "il sent", saboda a can jikin kalmar ce, ba ɗafin jam'i ba.