Wanda Ya Ga Tallarka Ba Shi Ne Mai Sa Hannu Ba

'Yan uwa masu harkar talla a intanet, akwai wani kuskure da na taɓa tafkawa, kuma har yau ina ganin ana maimaita shi. An ba ni aikin tallata wata manhaja ta lissafin kayan sito, irin wadda kamfanoni ne kawai ke buƙata. Sai na ɗauko dabarar da na saba da ita wajen tallar takalma da turare: gajeren bidiyo mai kiɗa, da jan rubutu cewa rangwame zai ƙare gobe, da maɓallin "saya yanzu". Jama'a suka yi ta danna alamar so, ana ta yabo. Wata ya zo ya wuce, ko mutum ɗaya bai saya ba.

Wani mai kula da sito ne ya buɗe mini ido. Ya turo saƙo ya ce, "Malam, ni dai abin ya yi mini, amma me zan nuna wa oga? Bidiyo?"

Mai sayen takalmi shi ya gani, shi ya so, kuma aljihunsa zai taɓa. Idan takalmin ya matse shi, ya tura shi ƙarƙashin gado, magana ta ƙare. Shi ya sa masu sayar wa ɗaiɗaikun mutane suke ta ƙoƙarin rage tazarar da ke tsakanin sha'awa da biya. Tun a 1999 Amazon, babbar kasuwar intanet ta Amurka, ta samu haƙƙin mallakar tsarin saye da dannawa ɗaya, don kada mutum ya samu sararin sake tunani. Instagram da TikTok ma a kan wannan ɗabi'ar tallarsu ta tsayu: ido ya gani, zuciya ta biya, yatsa ya danna.

A kamfani kuwa, wanda zai yi aiki da kayan daban, mai riƙe da kuɗi daban. Akanta zai tambayi nawa za a kashe a shekara, ba a wata ɗaya ba. Mai kula da kwamfutoci zai ce ina bayanan kamfani za su zauna, wa zai iya ganinsu. Lauya zai bi yarjejeniya layi-layi. Sannan a kai wa shugaba, wanda wataƙila bai taɓa jin sunanka ba. Shi kuma bawan Allah da ya kawo shawarar, kuɗin wasu zai sa a kashe, in abin ya lalace sunansa za a kira a taro. Tsoron wannan ranar ya fi ƙarfin duk wata sha'awa da bidiyonka ya tayar masa. Idan ka ce masa rangwame zai ƙare gobe, ba ka zaburar da shi ba, zargi ka jefa masa. Wane ne zai tara sa hannun mutum huɗu kafin gobe?

Ku dubi Alibaba, kamfanin kasuwancin intanet na ƙasar Sin. Jack Ma da abokansa sun kafa shi a 1999 don haɗa masana'antu da 'yan sari, sai a 2010 aka buɗe AliExpress don masu sayen ɗai-ɗai. Gida ɗaya, ƙofa biyu. A AliExpress za ka ga ragi da agogo yana ƙirga sauran lokaci. A Alibaba kuwa ana maganar mafi ƙarancin adadin da za ka iya sara, da takardun shaidar inganci, da neman samfur kafin a yi ciniki. Haka LinkedIn, dandalin sada ma'aikata da kamfanoni, wanda Microsoft ta saya a 2016 kan dala biliyan 26.2: abin da mai talla ke biya a can shi ne damar zaɓen mutane da muƙaminsu da girman kamfaninsu. Kuɗin da mai talla ke biya a can duk lokacin da aka danna tallarsa ya fi yawa, amma gara manajan saye guda ya karanta da a ce dubun da ba ruwansu da sito sun tafa maka.

Sai dai ban yarda da masu cewa tallar kamfani dole ta zama busasshiya kamar takardar kotu ba. Manajan nan ma ɗan Adam ne, da daddare shi ma yana kwance yana latsa waya, kuma rubutu mai gundura yana gundurarsa.

Ni dai na sauke bidiyon. Na rubuta takarda mai shafi biyu: abin da manhajar ke yi, kwana nawa ake ɗauka kafin ma'aikata su iya ta, wa za a kira idan ta tsaya, da yadda za a gwada ta kafin a biya. Na tura wa mai sito ta imel. Shiru, har na cire rai. Can bayan wata uku sai ga amsarsa, ya haɗa da akantansu a saƙon, shi kuma ya jero mini tambayoyi bakwai.