Ƙasashe shida cikin kwana tara ta tagar motar safa

Tun da na dawo, mutane da dama suke tambayata ko ya dace su biya kuɗin irin balaguron da muka yi, wato wanda kamfani yake tara baƙi a doguwar motar safa ya zaga da su tsakiyar Turai. Amsata ita ce ya dace, musamman ga wanda wannan ne zuwansa na farko, amma da sharaɗin ya san cewa abin da kamfanin yake sayarwa yawan wurare ne, lokacin zama a cikinsu kuwa sai ya ƙwata da kansa. Ni da yayana, wanda yake aiki a Jamus, muka tashi daga Munik, muka bi ta Salzbag zuwa Biyana a Ostiriya, daga nan Biratislaba a Silobakiya, sai Budafes a Hangari, sai Karakow a Folan, sai Firag a Jamhuriyar Cek, sannan muka koma inda muka fito.

Zan fara da alherin tafiyar, domin ba ƙarami ba ne. A wannan ɗan zagaye kuɗi iri huɗu mutum yake taɓawa: yuro a Jamus da Ostiriya da Silobakiya, forint a Hangari, ziloti a Folan, koruna a Jamhuriyar Cek. Harsuna kuma kowace ƙasa da nata, har na mutanen Hangari ba shi da dangantaka da Jamusanci ko harsunan Silabawan da ke kewaye da shi, ta yadda baƙo ba zai iya cankar ma'anar rubutun allo ba ko da ya ji wani abu a makwabta. Wanda ya sha wahalar neman biza, aka ba shi 'yan kwanaki ƙidayayyu, ba zai so ya ƙarar da su wajen neman masauki da tashar jirgin ƙasa ba. A cikin ayari an ɗauke masa wannan nauyi gaba ɗaya, abin da ya rage masa shi ne ya fito da akwatinsa bakin ƙofa da sassafe.

Abin da ya fi burge ni a hanya shi ne direbanmu. Dokar Tarayyar Turai ta wajabta wa direban babbar mota ya huta minti 45 bayan tuƙin sa'a huɗu da rabi, kuma a bisa ƙa'ida ba ya wuce sa'a 9 yana tuƙi a yini. Akwai na'ura a gabansa da ke rubuta kowane minti, 'yan sanda kuma suna iya dubawa. Wata rana a kan hanyar Karakow, bayan mun ratsa tsaunukan Silobakiya, wasu fasinjoji suka roƙe shi ya ci gaba tunda saura kaɗan, sai ya nuna musu na'urar da yatsa, ya kashe mota, ya sauka da kofin shayinsa. Wanda ya taɓa kwana a motar dare daga Kano zuwa Legas, yana kallon direba yana tauna goro don korar barci, zai gane dalilin da ya sa na ji mutumin ya kwanta mini a rai. A irin wannan hutu ne kuma muke samun damar yin sallar ƙasaru, mu haɗa azahar da la'asar a kan ciyawar da ke bayan gidan mai.

Akwai kuma abin da hanyar mota take nunawa wanda jirgin sama yake ɓoyewa. Tsakanin Biyana da Biratislaba bai fi kilomita 60 ba, amma har zuwa 1989 waya mai ƙaya da sojoji ne suka raba su, domin nan ne iyakar ƙasashen gurguzu da na yamma. Mu kuwa mun wuce ba tare da motar ta tsaya ba, tun da Silobakiya da Hangari da Folan da Cek sun shiga yankin Shengen, inda ake ƙetare iyaka ba tare da bincike ba, a ƙarshen 2007. Na ga tsofaffin gine-ginen jami'an iyaka a gefen titi babu kowa a ciki, can kuma sai ga dogayen benaye masu kama ɗaya na zamanin gurguzu sun bayyana, da fadar sarauta fara a kan tudu a hayin kogin Danub. Gani ya kori ji, kuma wannan mintin guda ya fahimtar da ni abin da na daɗe ina karantawa game da rabuwar Turai.

To, amma agogon mota shi ne sarki a wannan tafiya, kuma a nan ƙorafina yake. Fadar Shonburun ta sarakunan gidan Habsbag a Biyana tana da ɗakuna 1,441, mu kuwa aka bi da mu ta cikin kaɗan daga cikinsu a gurguje, kowa da 'yar na'ura a kunne, idonsa a kan lemar da jagora ta ɗaga sama don kada ya ɓace. Biratislaba, wadda ta zama babban birnin ƙasar Silobakiya mai cin gashin kanta tun rabuwar Cekosilobakiya a ranar 1 ga Janairun 1993, sa'a biyu aka ba ta, har da cin abincin rana a ciki. A Firag abin ya fi ɓata mini rai. Gadar Sarki Cals, wadda aka aza harsashinta a 1357, minti ashirin muka samu a kanta, alhali an zaunar da mu fiye da sa'a guda a wani kantin kayan gilashi ana yi mana tallar kofuna. Ban ga laifin jagorar ita kaɗai ba, domin tsarin ne haka: ana karya farashin tafiya don a jawo mutane, sai a kama masauki a bayan gari inda ya fi sauƙi, a mayar da wasu ziyarori na ƙarin kuɗi, a kuma karɓi lada daga kantunan da aka kai baƙi. Araha ba ta ado, kuma abin da aka rage maka a aljihu daga lokacinka ake cire shi.

A Budafes ne na yanke shawarar fita daga sahu. An shirya yawon jirgin ruwa a kan Danub da yamma, sai na ce wa yayana: "Yaya, ka bi su, ni akwai inda nake son zuwa." Ya dube ni ya ce idan na ɓace shi zai amsa tambaya a gida, don haka ƙafarsa ƙafata. Muka haye zuwa ɓangaren Buda, muka hau wani siririn titi mai tudu da aka shimfiɗa wa duwatsu, har muka isa hubbaren Gul Baba, wani shehin Turkawa da ya rasu a 1541, shekarar da Daular Usmaniyya ta Turkiyya ta karɓe Buda. Ƙaramin gini ne na dutse mai kusurwa takwas da ƙubba a kai, da lambun furanni kewaye da shi, daga can kuma ana hango kogin da rufin gidajen birnin. Turkawa sun riƙe Buda har 1686, wato shekara 145, kuma har yau mutane suna wanka a wuraren wankan ruwan zafi da suka gina. Duk wannan a jumla biyu jagorarmu ta dunƙule shi da safe, ta kira shi zamanin mamaya ta wuce. Ba na musun cewa mutanen Hangari sun sha ɗacin waɗancan yaƙe-yaƙe, kuma suna da haƙƙin tunawa da su yadda suka ji su. Abin da nake faɗi shi ne jadawalin kamfani yana zaɓar maka abin da za ka gani, kuma ba da kai a zuci aka tsara shi ba. Ko a Biyana an ba mu labarin ƙawanyar da Turkawa suka yi wa birnin a 1683, amma ba wanda ya ambaci cewa Ostiriya ta amince da Musulunci a dokarta tun 1912. Mun yi kusan sa'a guda a wannan lambu ba mai kiran mu, kuma ita ce sa'ar da na fi tunawa a duk tafiyar.

Abin da ba zan yafe wa masu tsara jadawalin ba shi ne ranar Aushwiz. Sansanin yana kimanin kilomita 70 daga Karakow, kuma a nan 'yan Nazi suka hallaka mutane kusan miliyan 1.1, mafi yawansu Yahudawa, kafin sojojin Tarayyar Sobiyet su iso a ranar 27 ga Janairun 1945. A bayan gilashi an tara takalman waɗanda aka kashe, da gashin kansu, da akwatunan da suka rubuta sunayensu a jiki suna zaton za a mayar musu. Na tsaya a gaban wani takalmin yaro, wanda bai fi tsawon tafin hannuna ba, maɗaurinsa ya tsinke, sai na ji ƙafafuna sun ƙi ɗaukata. Ina tsaye a nan aka taɓa kafaɗata cewa ayarin ya yi gaba.

A wannan rana ɗin dai, bayan abincin rana, aka nufi da mu mahaƙar gishiri ta Wiyelicka, inda ake sauka ƙarƙashin ƙasa a kalli mutum-mutumi da ɗakin ibadar da aka sassaƙa da gishiri, ana ta ɗaukar hoto. Wurin yana da kyau, ba shi da laifin komai, amma haɗa shi da Aushwiz a yini guda rashin girmama matattu ne, kuma zalunci ne ga zuciyar mai ziyara. Na faɗa wa jagorar haka a fili, ta amsa mini cikin ladabi cewa jadawalin daga ofis ya zo, ba ta da ikon taɓa shi. Saboda haka duk wanda zai biya kuɗin irin wannan tafiya ya nemi a ba shi tsarin kowace rana a rubuce tukuna, ya duba nisan masauki daga tsakiyar gari, ya tambayi abin da ke cikin farashi da abin da ba ya ciki, ya kuma zaɓi wadda take barin aƙalla yini guda babu jagora, ko da ta fi tsada.

Ni da yayana ba mu sauka cikin mahaƙar ba. Muka zauna a kan wani benci kusa da inda aka ajiye motar, tare da wata tsohuwa daga cikin ayarin wadda ita ma ta ce ba za ta iya ba, kuma har sauran suka fito ba wanda ya yi magana a cikinmu.