Kawu Kontabul da raket ɗinsa

Jiya aka yi sadakar bakwai ta kawuna a nan Garwa, arewacin Kamaru, kuma akwai abin da ya tsaya min a rai. Kwana bakwai ina kan tabarma a ƙofar gida ina amsa gaisuwa. Duk wanda ya zo sai ya ce mutum ne mai haƙuri, mai zumunci, jam'i ba ya wuce shi. Gaskiya ne. Amma babu wanda ya ambaci tanis. Da wani dattijo abokin wasansa ya fara cewa, "Ai ni da shi mun fi shekara talatin muna bugawa," sai ɗaya daga cikin manyanmu ya yi gyaran murya, ya kawo zancen tsadar masara. Kai ka ce asiri aka zo tonawa.

Ni kuwa a ganina, wanda bai ga Kawu a filin tanis ba, rabinsa ya sani.

Akanta ne, kontabul kamar yadda muke cewa a nan, har sunan ya danne na yanka. Ya fara aiki tun ana cika manyan littattafai da hannu, ya yi ritaya yana da shekara 60. Yakan kai tsakar dare a kan dala ɗaya, sefa biyar kacal, idan lissafi ya ƙi daidaita. Inna, matarsa, ta taɓa kunce dala daga bakin zani ta ce ya karɓa ya zo ya ci tuwo. Ya ce, "Ba dalar nake nema ba, inda ta shige nake nema."

Tanis ta shiga ransa a 1983, shekarar da Yannick Noah, ɗan wasan Faransa, ya doke Mats Wilander ya ɗauki kofin Roland Garros, babbar gasar tanis ta Faransa. Mahaifin Noah ɗan Kamaru ne, kuma a Yawunde Arthur Ashe, zakaran tanis ɗan Amurka, ya fara ganin yaron yana wasa a 1971. Kowa ya yi murna ya koma harkarsa, Kawu kuwa ya je ya sayo raket kwance. A garin da hira ba ta wuce ƙwallon ƙafa, ga magidanci yana bin 'yar ƙwallo kamar lemun tsami a guje. An yi masa dariya har an gaji. Abu ɗaya ya sassauta: ya bar gajeren wando ya koma dogo, saboda surukai.

Daga masallacin asuba yake wucewa fili, domin a Maris da Afrilu zafin Garwa kan haura digiri 40. Da aka karya darajar sefa a Janairun 1994, faran ɗin Faransa ɗaya ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, kayan waje suka yi tsada, sai suka riƙa buga ƙwallo har ta yi sanƙo.

Abin da masu gyaran murya ba su sani ba shi ne, a irin wasansu babu alƙali. Kowa shi ke yanke hukunci a kan ƙwallon da ta faɗi ɓangarensa. In ta taɓa layi ko da kaɗan ne, tana ciki. In kana shakka, makin na abokin karawarka ne. Ina ɗan sakandare na taɓa yi masa maguɗi, na ce ta fita. Bai yi musu ba. Ya zagayo raga, ya tsuguna, ya nuna min tabon ƙwallon a ƙurar hunturu da ta kwanta kan siminti, rabinsa a kan farin fenti. Ya ce, "Ɗana, duba da kyau, ka sake faɗa." Na ce, "Tana ciki, Kawu." Ya koma wurinsa muka ci gaba. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Mun ɗauka dattaku shi ne tsoho ya zauna a benci yana jiran fansho, har hawan jini da ciwon suga su same shi a zaune. Kawu bai rage komai daga ibadarsa ba, kuma ya haura saba'in yana gudu a fili. Mene ne abin ɓoyewa a nan?

Shekaranjiya muna haɗa kayansa na ga wani littafi mai layi-layi. Kowane wasa yana ciki: kwanan wata, abokin karawa, sakamako, 6-4, 3-6, har ranakun da aka lallasa shi. A wani shafi ya rubuta da jan biro: "Na ce ta fita, ban tabbata ba. A mayar." A shafi na gaba ya ja layi a ƙarƙashi, ya sa "An mayar."

Raket ɗin babu wanda ya nema cikin magada, yana wurina. Zare biyu sun tsinke. In akwai wanda ya san mai ɗaurawa a Garwa ko Marwa, don Allah ya yi min magana.