Ƙudan Ritossa da masu ƙirga maƙala

Idan ɗalibanmu na Najeriya da Nijar da ke karatun digiri na uku a Jidda ko Riyad suna neman malamin da zai duba aikinsu, tambayarsu ta farko ita ce maƙalunsa nawa, kuma sau nawa wasu masana suka ambace shi a nasu rubutun. Akwai ma lamba guda da Jorge Hirsch ya ƙirƙiro a 2005, wadda ke haɗa biyun. Ban ga laifinsu ba, da ita ake ɗaukar aiki, da ita ake ƙarin girma. Sai dai ma'auni ne mai makara, kuma tarihin binciken yadda ƙwayar halitta ke jure wahala ya isa shaida.

A 1962 wani matashi ɗan Italiya, Ferruccio Ritossa, yana nazarin tsutsar ƙudan 'ya'yan itace, sai wani a ɗakin gwajin ya ƙara zafin akwatin da ake kiwonsu. Da Ritossa ya duba, sai ya ga wasu wurare a zaren gadonsu sun kumbura, alamar wasu ƙwayoyin gado sun farka sun kama aiki. Wata babbar mujalla ta ƙi karɓar aikin, sai mujallar Experientia ce ta buga shi. Aka yi shekara 12 kafin Alfred Tissières da abokan aikinsa su nuna furotin ɗin da zafi ke sa ƙwayar ta ƙera. Da wani kwamiti ya auna Ritossa da lamba a tsakanin nan, da ko gayyatarsa ganawa ba a yi ba.

Furotin kamar rawani ne, sai ya naɗu daidai yake da amfani. Zafi na warware shi, warwararrun kuma su manne da juna su cunkushe ƙwayar. Furotin na gaggawa da zafi ke sa ƙwayar ta ƙera su ne ke kama wanda ya warware, su taimaka ya sake naɗuwa, ko su miƙa shi inda za a narkar da shi. Har ƙwayar cuta ta bakteriya na da irinsu.

Mu da ke zaune a ƙasar nan ta Saudiyya ba labari muke ji ba. A Hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Makka, hukuma kuma ta sanar da rasuwar mutum 1,301. Duk wanda ya taɓa ganin dattijo ya zube a hanyar Jamarat, jiki kamar wuta, yana sambatu, ya ga lokacin da zafi ya fi ƙarfin garkuwar nan. Har yau babban magani shi ne a sanyaya jiki da gaggawa.

Ga kuma na Madina. A 1999 ɗakin binciken David Ron a Amurka ya bayyana wani furotin mai suna PERK, wanda ke rage ƙera sabbin furotin idan marasa naɗi sun taru. Shekara guda bayan haka aka gano cewa lalacewarsa ce ke kawo cutar Wolcott-Rallison, inda jariri ke kamuwa da ciwon suga tun yana goye, domin ƙwayoyin da ke yin insulin ba sa jure nauyin aikin. Binciken likitoci a yankin Madina ya nuna cutar nan ce kan gaba wajen jawo sugan jarirai mai ɗorewa, saboda yawan auren zumunci. Mu ma gidajenmu a Makka da Madina auren ɗan baffa da 'yar baffa ba baƙon abu ba ne.

Za a ce ai Ron ɗin ana yawan ambatonsa. Gaskiya ne, amma aikin ne ya jawo lambar. Lamba kuwa ana iya sayenta: tun 2011 mujallar Science ta ba da rahoton yadda wasu jami'o'in Saudiyya ke biyan fitattun masanan waje kuɗi su saka sunan jami'ar a maƙalunsu, maganar ta sake tashi a 2023.

Kuɗin nan da an zuba su a ɗakunan gwaji, an ba matashi shekara biyar yana bin tambaya guda kan bugun zafi ba tare da an matsa masa da ƙirga ba, da sun fi amfanar alhazai. Ɗalibi kuma, kafin ya duba lambar malami, ya nemi maƙalarsa guda ya karanta daga farko har ƙarshe, sannan ya tambayi ɗalibansa na baya ko yana shiga ɗakin gwaji.